Bindigar iri ɗaya ce, amma ba kowa ke iya rataya ta a Amurka ba

Ranar da na fara ganin farar hula ɗauke da bindiga a fili a Amurka, a gidan mai ne a gefen Dalas, lokacin ban fi wata biyu da zuwa ba. Na shiga ɗan shagon da ke ciki zan biya kuɗi sai ga wani dattijon Bature a gabana a layi, da malafarsa, ƙaramar bindiga maƙale a ƙugunsa ƙarara kowa na gani, yana ta zaɓen cingam abinsa. Wallahi gabana ya faɗi, har na waiga na auna tazarar da ke tsakanina da ƙofa. Amma yarinyar da ke karɓar kuɗi ko a jikinta, suka gaisa da fara'a, ya biya ya fita, babu wanda ya ƙara kallonsa sai ni kaɗai.

Da daddare na ba wani dattijonmu labari, mutumin Damagaram ne da ya haura shekara 30 yana tuƙin tasi a ƙasar nan. Ya saurare ni har na gama sannan ya ce, yaro, dokarsu ce ta ba su, kai ma a takarda ta ba ka idan ka cika sharuɗɗa, amma kada ka ga an yi ka ce kai ma za ka yi. Na ce Alhaji ai doka ɗaya ce. Ya ce doka ɗaya ce, idon da ke kallon ku ne ba ɗaya ba. Daga nan ya shiga koya mini abin da zan yi idan ɗan sanda ya tsayar da ni, in kashe mota, in sauke gilashi, in ɗora hannu biyu a kan sitiyari, kada in kuskura in sa hannu a aljihu sai an ce in sa, kuma ko an ce ɗin in fara faɗa da baki cewa ga aljihun da zan taɓa. Ya ce in tuna da Amadou Diallo, yaron nan Bafulatanin Gini ɗan shekara 23 da 'yan sanda huɗu suka yi wa ruwan harsashi 41 a ƙofar gidansa a unguwar Bronx ta birnin New York a watan Fabrairun 1999, 19 suka same shi, abin da ke hannunsa walat ne, kuma kotu ta wanke su duka huɗun.

Tun daga ranar nake bin wannan magana, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne zanga-zangar da ake fitowa da bindigogi a kafaɗa da sunan kare 'yancin mallakar makami. Ni dai ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi, wannan 'yanci an rubuta shi ne don kowa amma a kan titi launin fata ne ke yanke wanda zai more shi ya koma gida ya ci abincin dare da iyalinsa da wanda za a kai gawarsa asibiti, sannan taro da bindiga a gaban majalisa ko masallaci tsoratarwa ce ko da an kira ta faɗin albarkacin baki.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, gyaran fuska na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 shi ya ba jama'a damar mallakar makami, kuma jihohi sama da 40 cikin 50 sun yarda mutum ya yi yawo da bindigarsa a bainar jama'a, wasu da lasisi wasu ko lasisin babu. A nan Teksas doguwar bindiga dama tuntuni ba ta buƙatar takarda, ƙarama kuma an ba masu lasisi damar rataya ta a fili daga 1 ga Janairun 2016, sai a Satumban 2021 aka cire sharaɗin lasisin ma ga wanda ya kai shekara 21. Ƙiyasin da aka fitar a 2018 ya ce bindigogin da ke hannun farar hula a ƙasar sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen yawa. To a irin wannan wuri ganin bindiga ba labari ba ne, labarin shi ne a hannun wa aka gan ta.

Bari in fara da garin Irving, nan kusa da mu, saboda abin da ya faru a can ya shafe mu kai tsaye. A watan Satumban 2015 wani yaro ɗan shekara 14 ɗan asalin Sudan, Ahmed Mohamed, ya kai agogon da ya harhaɗa makaranta don ya nuna wa malamai, aka ce ya yi kama da bam, 'yan sanda suka zo suka sa masa ankwa suka fita da shi. Wata biyu bayan nan, a Nuwamba, wasu fararen fata kimanin goma sha wani abu suka zo suka tsaya a bakin babban masallacin garin da manyan bindigogi, wasu da kakin soja, wani ya rufe fuska, suna cewa sun zo hana musuluntar da Amurka, mutane na shiga sallah suna wucewa ta gabansu, mata da yara duk. Ba a kama kowa ba domin a doka ba su yi laifi ba. Bayan 'yan kwanaki jagoransu David Wright ya ɗora sunaye da adireshin gidajen Musulmi da masu goya musu baya a Facebook. Gari ɗaya fa, shekara ɗaya, agogo ya jawo ankwa, bindigogi na gaske a ƙofar masallaci kuma aka ce 'yanci ne. Na yi sallah a masallacin nan bayan shekaru, kuma har yanzu idan aka tuna ranar za ka ga fuskar dattawa ta canza. Dama kafin nan a watan Mayun shekarar an yi irinsa a Phoenix ranar Juma'a, inda mai shirya taron ya ce wa mutanensa su zo da bindigoginsu gaban masallaci, hujjarsu wai mutum biyun da suka kai harin bindiga a garin Garland na Teksas a farkon watan sun taɓa sallah a can, sai aka ɗora laifin mutum biyu a kan duk wanda ya zo yin sujada.

Yanzu jama'a ku juya abin a zuciyarku. A ce matasa goma sha biyu masu gemu da jallabiya ne suka tsaya da manyan bindigogi ƙirar AR-15 a bakin coci ranar Lahadi suna cewa su ma 'yancinsu suke nunawa. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ko na wata shida ne ya san ba za a kai minti goma ba an rufe unguwar, helikwafta na yawo a sama, kuma kalmar da tashoshin talabijin za su sa a ƙasan allo ta'addanci ce.

Kuma wannan ba hasashe ba ne kawai, an taɓa gwadawa. A 1966 Huey Newton da Bobby Seale suka kafa ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther a Oakland, suna bin motocin 'yan sanda da bindigogi da littafin doka a hannu, idan an tare baƙar fata su tsaya daga nesa suna kallo suna karanto masa haƙƙinsa, kuma a lokacin dokar Kalifoniya ta yarda da hakan. Nan da nan wani ɗan majalisa Don Mulford ya kawo ƙudurin hana yawo da bindiga mai harsashi a fili. Ranar 2 ga Mayun 1967 su kimanin 30 suka tafi majalisar jihar a Sacramento da bindigoginsu don nuna adawa da ƙudurin, har wasunsu suka shiga zauren. Ba su harbi kowa ba. Kafin ƙarshen Yuli gwamna Ronald Reagan ya sa wa dokar hannu, shi da ya ce bai ga dalilin da zai sa ɗan ƙasa ya riƙa yawo a titi da bindiga ɗauke da harsashi ba, kuma ƙungiyar NRA, wadda yau ita ce uwa a wajen kare masu bindiga, ta goyi bayan dokar. Wata uku bai cika ba aka rufe ƙofar, saboda an ga waɗanda suka shigo ta cikinta.

Sai a duba abin da ya faru a Lansing, babban birnin Mishigan, ranar 30 ga Afrilun 2020 lokacin kullen korona. Ɗaruruwan mutane, kusan dukkansu farare, suka je majalisar jihar suna adawa da dokar kullen gwamna Gretchen Whitmer, da yawa da manyan bindigogi. 'Yan sanda suka gwada zafin jikinsu a bakin ƙofa saboda cutar, suka bar su suka shiga da makamansu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a ginin nan an hana shiga da kwalin zanga-zanga amma ba a hana shiga da bindiga ba. Wasu suka hau benen zauren dattawa suka tsaya a saman kan 'yan majalisa, har wasu daga cikin 'yan majalisar suka zauna aiki da rigar sulke, wasu kuma suna ta ihu a fuskar 'yan sandan da suka tare ƙofa, 'yan sandan suka tsaya ƙyam ba su taɓa kowa ba. Kashegari shugaba Trump ya rubuta cewa mutanen kirki ne, fushi kawai suke yi, gwamna ta sasanta da su. Bayan wata guda da ɗan sanda ya kashe baƙar fata George Floyd mutane suka fito a Minneapolis, ya kira su 'yan daba ya ce idan aka fara wawaso za a fara harbi. Na sani an yi ƙone-ƙone a Minneapolis kuma ban goyi bayan hakan ba ko kaɗan, amma dubban da suka fito hannu rabbana a garuruwa da dama sun sha barkonon tsohuwa da harsashin roba, waɗanda suka shiga majalisa da bindiga kuwa ko kwalarsu ba a riƙe ba. A watan Oktoba hukumar FBI ta kama wasu da zargin shirin sace gwamnar, aka gano wasunsu sun halarci waccan zanga-zanga, daga baya aka ɗaure wasu aka wanke wasu. Sai a Janairun 2021, bayan an afka wa majalisar tarayya a Washington, sannan Mishigan ta hana rataya bindiga a fili a cikin ginin.

Akwai ma na Cliven Bundy, mai kiwon shanu a Nevada da ya shafe shekara kusan 20 ya ƙi biyan kuɗin kiwo a filin gwamnatin tarayya, kamar dai mutum ya ƙi biyan jangali, bashin ya haura dala miliyan ɗaya. Da aka zo kwashe shanun a 2014 magoya bayansa suka fito da bindigogi har wasu suka saita jami'ai daga kan gada, gwamnati ta ja da baya ta saki shanun, shari'ar kuma kotu ta kore ta a 2018.

To a wannan shekarar ta 2014 ɗin, ranar 5 ga Agusta, wani matashi baƙar fata ɗan shekara 22 mai suna John Crawford ya shiga kantin Walmart a Beavercreek a jihar Ohayo. Ya ɗauki bindigar iska irin ta harbin tsuntsu daga kan kantar da ake sayar da ita, ba a cikin kwali take ba, ya ci gaba da zagayawa yana waya da uwar 'ya'yansa. Wani ya kira 'yan sanda ya ce ga baƙin mutum yana nuna mutane da bindiga. Na kalli bidiyon kyamarar kantin fiye da sau ɗaya kuma ina ba duk mai shakka shawara ya nema ya kalla, mutum ne a tsaye a lungu shi kaɗai, waya a kunne, bindigar tana lilo a hannunsa bakinta ƙasa, 'yan sanda suka ɓullo, cikin ƙiftawar ido ya faɗi. Wanda ya kira ɗin daga baya da bakinsa ya ce bai ga ya ɗaga bindigar ya saita kowa ba. Wata mata da ke sayayya ta yanke jiki ta faɗi wajen gudu zuciyarta ta buga ta rasu. Ba a gurfanar da kowa ba. Abin da nake so a riƙe shi ne Ohayo jiha ce da ta halatta yawo da bindiga a fili, ko da ta gaske ce a hannunsa riƙe ta kaɗai ba laifi ba ne. A daidai wannan lokacin 'yan ƙungiyar Open Carry Texas, masu fafutukar yawo da bindiga a fili, suna shiga gidajen abinci da manyan bindigogi suna ɗaukar hoto, abin da ya same su bai wuce kamfanoni irin su Chipotle da Target sun roƙi a daina shigo musu da makami ba, NRA ma ta ce abin nasu ya yi banbaraƙwai, da suka yi mata ca sai ta janye maganar.

Amma wanda ya fi ci mini rai Philando Castile ne, domin shi ya yi duk abin da Alhaji ya koya mini. Baƙar fata ne ɗan shekara 32, mai kula da kicin ɗin wata makarantar firamare a St. Paul, yana da lasisin bindiga, an tsayar da shi a hanya sama da sau 40 a rayuwarsa saboda haka ya san tsarin sarai. Ranar 6 ga Yulin 2016 aka tare shi a Falcon Heights, budurwarsa na gefe, 'yarta mai shekara 4 na baya. Cikin ladabi ya ce wa ɗan sandan yallaɓai ya kamata in sanar da kai ina da bindiga a jikina. Daƙiƙu kaɗan bayan nan aka harba harsashi bakwai cikin motar. Budurwar ta kunna Facebook kai tsaye duniya ta ga yana zubar da jini a kujera, daga baya kuma aka ji ƙaramar yarinyar tana lallashin uwarta a bayan motar 'yan sanda tana roƙonta ta yi shiru kada ita ma a harbe ta. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan, Jeronimo Yanez. NRA da ke da baki a kan komai ta yi gum, sai wata 'yar sanarwa da ko sunansa ba ta ambata ba, har wasu mambobinta suka fito suna tambayar ina take. Mai lasisi ne fa, irin mutumin da suke cewa don shi aka kafa su.

Kashegarin ranar, 7 ga Yuli, a nan Dalas wani ya buɗe wuta a wajen zanga-zangar lumana ya kashe 'yan sanda biyar, mummunan abu ne da babu mai hankalin da zai kare shi. A cikin masu zanga-zangar akwai wani baƙar fata Mark Hughes da ya zo da AR-15 a kafaɗa bisa doka. Da harbi ya tashi ɗan uwansa ya ce masa maza ya miƙa bindigar ga ɗan sanda, ya miƙa, amma duk da haka aka watsa hotonsa a duniya a matsayin wanda ake nema, ya sha barazanar kisa alhali bai san hawa ba bai san sauka ba. Ka kwatanta da Kyle Rittenhouse, farar fata ɗan shekara 17, a wajen wata zanga-zanga a garin Kenosha a Agustan 2020, wanda ya harbi mutum uku biyu suka mutu. Gaskiya ne waɗanda ya harba farare ne, kuma kotu ta ce kare kansa ya yi ta sallame shi a 2021, ba wannan nake ja ba. Abin da nake kallo shi ne bayan harbin ya nufi motocin 'yan sanda hannu sama, bindiga na reto a ƙirjinsa, mutane na ihu shi ne ya yi harbin, motocin suka wuce shi ya tafi gida. Idonsu bai ga haɗari a jikinsa ba.

Ina da abokin aiki Bature, mutumin kirki ne ƙwarai, ranar da motata ta mutu a hanya shi ya zo ya ja ni, kuma yana da bindigogi sun fi biyar. Mun sha yin wannan musu. Hujjarsa kullum ita ce Richmond a jihar Bajiniya, ranar 20 ga Janairun 2020, inda mutum kusan 22,000 suka taru, dubbai da makamai, ba a harba ko harsashi ɗaya ba, kuma akwai baƙaƙe a cikinsu. Haka ne, ban musa ba. Sai dai na ce masa ya tuna ranar hutun tunawa da Martin Luther King ce, kuma masu neman a tsaurara dokar bindiga da suka saba taron addu'a a wurin duk shekara don tunawa da waɗanda aka kashe sun soke nasu saboda tsoro, sannan kwanaki kaɗan kafin nan FBI ta kama wasu 'yan wata ƙungiyar masu fifita farar fata da ake zargi suna shirin ta da fitina a taron. Idan ɗaya ɓangaren ya kulle kansa a gida dole ne a ga lumana. Wani bincike da ƙungiyoyin ACLED da Everytown suka fitar a 2021 ya ƙirga zanga-zanga 560 da aka fito da bindiga cikin wata 18, ya gano sun fi waɗanda babu makami yiwuwar rikiɗewa zuwa tashin hankali kusan ninki shida. Everytown masu adawa da yaɗuwar bindiga ne, wannan a sani, amma ko ba bincike kowa ya san mutum ba ya sakin baki ya yi gardama da wanda yatsansa ke kusa da kunama.

Akwai kuma hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma daga bakin baƙaƙen Amurka take fitowa. Suna cewa tarihin hana bindiga a ƙasar nan tarihin kwance musu ɗamara ne. A hukuncin kotun ƙoli na 1857 kan Dred Scott, wani bawa da ya nemi 'yancinsa, babban alƙali ya kawo cikin dalilansa cewa idan aka ce baƙaƙe 'yan ƙasa ne to za su samu damar yawo da makami duk inda suka ga dama. Bayan an 'yanta bayi, jihohi irin su Misisipi a 1865 suka hana su riƙe bindiga sai da izini, 'yan Ku Klux Klan masu fifita farar fata na bin gidaje suna ƙwacewa. Martin Luther King kansa da aka jefa wa gidansa bam a 1956 ya nemi lasisi aka hana shi. Wanda ya kai birnin Shikago kotun ƙoli a kan hana ƙaramar bindiga ya yi nasara a 2010, Otis McDonald, dattijo ne baƙar fata da 'yan daba suka addabi unguwarsa. Ko a shari'ar 2022 da ta faɗaɗa damar fita da bindiga, lauyoyin talakawa na birnin New York sun goyi baya suna cewa kusan duk waɗanda ake ɗaurewa saboda rashin lasisi baƙaƙe ne da 'yan Latin. Wannan magana gaskiya ce kuma ita ce ta sa ba na iya cewa kawai a hana kowa shikenan, domin na san idan an hana wa za a fara lalubewa a titi.

Shi ya sa wasu suka ce to mu ma mu fito da namu. A Afrilun 2016 da mutanen Wright suka nufi wani masallacin ƙungiyar baƙaƙe ta Nation of Islam a kudancin Dalas sun tarar da baƙaƙe ɗauke da bindigogi sun fi su yawa, ba su daɗe ba suka watse. Bayan abin da ya faru a Lansing wasu baƙaƙe da makamai suka raka 'yar majalisa Sarah Anthony har ofis. Ba zan yi ƙarya ba, da na ga hotunan nan na ji wani sanyi a raina. Amma sai a dubi ƙungiyar NFAC, ɗaruruwan baƙaƙe cikin baƙaƙen kaya da suka yi maci a Stone Mountain da Louisville a 2020, a Louisville bindigar ɗayansu ta tashi bisa kuskure ta raunata 'yan uwansa uku, jagoransu kuma John Johnson an ɗaure shi shekara bakwai a 2022 saboda ya saita jami'an da ke kan rufin wani gini. Saita jami'i laifi ne, na yarda, amma ina tuna mutanen kan gada a Nevada da yadda jagoransu ya koma gida wajen shanunsa. Wasan nan idan an shiga ba da ƙa'ida ɗaya ake busa usur ba, kuma ramin mugunta da ake cewa a gina shi gajere, a nan mai rauni ne ke fara faɗawa ko ba shi ya gina ba.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a raba maganar gida biyu. Bindigar da mutum ya ajiye a gidansa don kare iyalinsa daban, wadda ya rataya ya je gaban majalisa ko rumfar zaɓe ko wurin ibadar wasu ko zanga-zangar da ba tasa ba daban. Ta biyun a hana kowa, fari da baƙi, kuma a riƙa fitar da alƙaluman waɗanda aka kama a fili don a ga ko dokar ta koma kan mutum ɗaya. Wasu jihohi sun fara, jihar Washington ta hana rataya bindiga a wurin zanga-zanga da harabar majalisa a 2021. Sannan mai kiran 'yan sanda ya yi ƙarya a kan mutum har a kashe shi ya kamata ya amsa tambaya, don a labarin Crawford waya ce ta fara kashe shi kafin harsashi.

Ina ganin 'yan uwa a gida suna kawo misalin Amurka duk lokacin da maganar ba jama'a bindiga ta taso, musamman da gwamna Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisi a 2022. Ba zan zauna a nan in yi wa mutumin ƙauyen da aka kashe masa 'ya'ya aka kore masa shanu wa'azi ba, halin da yake ciki daban ne, shi babu ma wanda zai kira. Abin da kawai zan ce, wanda ke kawo misalin Amurka ya kawo shi duka, ya tambayi kansa idan matasa biyu suka fito da bindiga iri ɗaya, ɗaya Bahaushe ɗaya Bafulatani, wa za a kira ɗan sa-kai wa za a kira ɗan bindiga tun kafin a ji ta bakinsu.

Sallar da ta wuce ɗana mai shekara 9 ya tara kuɗin barka da sallarsa, muka shiga kanti ya nufi wajen kayan wasa kai tsaye ya ɗauko wata baƙar bindigar roba. Ni ma haka na yi ina yaro, duk kuɗin yawon sallarmu a bindigar roba da ta ruwa suke ƙarewa, mu cika lungu muna ta harbin juna har magariba babu wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Amma ina tsaye a wurin sai Tamir Rice ya faɗo mini, yaro baƙar fata ɗan shekara 12 da ke wasa da irin wannan a wani filin shaƙatawa a Cleveland a Nuwamban 2014, wanda ya kira 'yan sanda ma ya ce wataƙila ta wasa ce kuma wataƙila yaro ne, ba a isar da wannan ga waɗanda aka tura ba, motarsu ta tsaya, cikin daƙiƙa biyu aka harbe shi, kashegari ya rasu. Na karɓi bindigar daga hannun ɗana na mayar kan kanta. Ya ce Baba ai yaron maƙwabtanmu yana da irinta kuma har waje yake fita da ita. Na ce na sani. Ya ce to me ya sa ni ba zan saya ba, kuɗina ne fa. Na durƙusa na ce masa zan yi masa bayani idan mun je gida, ya zaɓi wani abin. Ya ɗauki ƙwallo yana ta share hawaye da hannun rigar sallarsa, muka biya muka fito, har muka iso gida bai ce mini uffan ba.